Sheƙar Tsuntsu a Kan Kashin Shanu

Jiya da yamma ina wucewa ta gindin darbejiyar nan na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai aikin Bappa Sale ai yawon shan iska ne: ya ɗauki kwando ya shiga daji, abin da ya gani ya tsinko, wata ya ƙare a ba shi albashi. Ba zan faɗi sunan mai maganar ba, ga shi can yana sosa ƙeya. Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauki abin da farko. Tun da an ce ni zan kai ku daji ranar Asabar, gara ku san wanda za ku bi, da yadda aka yi har ya yi furfura yana leƙen abin da mutane ke takawa su wuce.

Ni haifaffen Gombe ne, kodayake kakana daga ƙasar Katsina ya zo. Mahaifina tela ne a babbar kasuwa, ya so in gaje shi, hannuna ya ƙi. Ranar da na ɗinka wa wani mutum wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo sai ya haƙura, ya roƙi wani maƙwabcinmu ya samo mini aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaji na sashen nazarin tsirrai, nan inda kuke karatu. Shekara biyu ina wanke kwalba ina shara.

Wata Litinin cikin damina, Dakta Hannatu, malamar da ke koyar da darasin naman kaza, tsiron nan mai laima da ke fitowa da damina, da danginsa, ta kira ni ta ce gobe ɗalibanta za su yi aiki, tana son in samo mata iri-iri daga daji. Na ce mata wannan ai ba aiki ba ne. Na hau keke na nufi bayan Gabukka, a lokacin gidaje ba su kai can ba, gonaki ne da kwazazzabai. Duk abin da na gani mai laima na fizgo, na danna a baƙar leda, na ƙulle bakinta, na rataye a keke rana tana dukanta har gida. Da safe aka kwance ledar a gaban ɗalibai. Abin da ya fito ba naman kaza ba ne, wani baƙin kunu ne mai motsi. Waɗanda ke layin gaba suka yi waje. Dakta ba ta yi faɗa ba, ta dai buɗe tagogi duka, ta ce laifinta ne da ta aiki wanda ba a koya wa ba. Ta ce ita ma saninta na littafi ne, in ina son sanin na ƙasa in je kasuwa, layin masu ganye, in tambayi Mama Saraya.

Mama Saraya 'yar Tera ce daga Kwadon, gajeruwa, muryarta ta fi ta girma. Rama da yakuwa da zogale take sayarwa, in damina ta zauna kuma ta kasa naman kaza a faifai. Matan Tangale da na Waja ke saye, da mutanen kudu masu shaguna. Mu Hausawa yawancinmu kallo muke yi mu wuce. Na gaishe ta na faɗi abin da ya kawo ni. Ba ta dubi fuskata ba, takalmina ta duba, sau-ciki ne na goge shi yana ƙyalli, ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce in same ta a Kwadon ranar Asabar kafin raɓa ta bushe, kuma in bar takalmin angwanci a gida.

Damina biyu ina bin matar nan. Abu na farko da ta hana ni shi ne fizga. Da na kai hannu zan tsinko sai in ji karan dawa a bayan hannuna. Ta ce tono ake yi, a fito da shi har gindi, don halin naman kaza a ƙarƙashin ƙasa yake ɓoyewa. Wanda ke fitowa a kan suri, in ka bi shi a hankali za ka tarar da doguwar saiwa kamar wutsiyar ɓera ta nutse cikin gidan gara, wannan shi ne mai daɗin miya. Wani kuma sama kyakkyawa ne fari tas, amma gindinsa na zaune cikin wata 'yar jaka kamar ɓawon ƙwai da ya fashe. Wannan ko a kwando ɗaya ba ta yarda a haɗa shi da sauran ba. Tana shinshinawa, tana karya gefe ta jira ta ga ko launin zai juya, tana duban itacen da ke kusa. Ba ta san sunan ko ɗaya da Turanci ba. Gida uku kawai ta raba su: na miya, na asibiti, da na kallo. Shekara talatin ina aiki da masu digiri, ban ga wanda ya kawo rabon da ya fi wannan amfani ba.

Abin da Mama ba ta sani ba Dakta ta cika mini. Ita ta koya mini a yanke laimar a kife ta a kan takarda, a rufe da kofi, a bar ta ta kwana. Da safe in ka ɗaga za ka ga ta zubar da wani gari mai laushi, ya zana kamanninta a takardar. Launin garin nan ba ya ƙarya. Akwai wata farar laima babba da ke fitowa a filin ƙwallonmu duk damina, kyakkyawa kamar a ci ɗanya. Garinta kore ne, kuma 'yar gidan asibiti ce. Bara waccan wasu ɗalibai biyu suka ɗauke ta hoto, wayarsu ta gaya musu ana ci, suka soya da albasa. Allah ya tsare ransu, amma kwana biyu suka yi suna tsere tsakanin gado da bayi. Waya tana ganin sama ne kawai. Ba ta tono, ba ta shinshina, ba ta kuma jira gari ya waye.

Kayan aikina ga su nan, duk a jaka ɗaya suke. Wuƙa ƙarama, da wannan tsohon cokalin da bakinsa ya cinye saboda tono, shi ne na uku tun da na fara. Kwando, ba leda ba, kun ji dalili. Tsohuwar jarida, kowane samfur a naɗe shi shi kaɗai. Littafi da fensir, don biro ba ya rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda, kuma samfurin da ba a rubuta inda aka same shi da ranar da aka same shi ba shara ne. Takalmin roba mai tsawo, saboda inda naman kaza ke son sanyi nan maciji ma ke so. Sai allura, da kwalayen ashana da babu komai a ciki, da wannan ɗan gilashin da ke ƙara girman abu, wanda nake ratayawa a wuya. Waɗannan uku na ƙarshe saboda abu ɗaya na fara ɗaukar su.

A daminata ta biyu Dakta ta buɗe wani littafi ta nuna mini zane: wasu 'yan kofuna tsaye, kowanne da 'yan ƙwai a ciki, sak sheƙar tsuntsu. Ta ce dangin naman kaza ne, ta tabbata akwai shi a ƙasar nan, amma tun da ta fara koyarwa ba wanda ya taɓa kawo mata. Ta ce in ɗigon ruwan sama ya faɗa cikin kofin, sai ya cilla ƙwan waje, ta haka yake yaɗuwa. Abin da ta manta ba ta gaya mini ba shi ne girmansa. A littafin kowane kofi ya kai kofin shayi. Na yi mako shida ina zaga daji ina neman kofin shayi.

Da na gaji na zana wa Mama shi a ƙasa da tsinke. Ta duba, ta ce ai na kallo ne, tun tana yarinya take ganinsa, ba ta taɓa jin wanda ya neme shi ba. Ta ce matsalata ita ce ina nemansa a tsaye, kamar mai cigiyar akuya. Ta ja ni zuwa gefen wata ruga a gabashin Kwadon, inda shanu suka kwana watannin baya suka matsa gaba. Ta nuna mini kandilo, wato busasshen kashin shanun da ya daɗe ruwa na dukansa, ta ce in durƙusa. Na durƙusa ban ga komai ba. Ta danna ƙeyata ƙasa har hancina ya kusa taɓawa. Sai ga su. Sun fi ashirin a kan kandilo ɗaya, a jere kamar an dasa, kowanne bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Na tabbata na taka dubunsu a makonni shidan nan.

Mama ta tafi tsinkar ganye ta bar ni a wurin. Ina durƙushe, allura a hannu, ina ɗaga ƙwai ɗaya-ɗaya ina sa wa a kwalin ashana, bakina na motsi don ina lissafin ƙwan kowane kofi, sai na ga inuwar sanda ta faɗo a kan hannuna. Ardo Bello ne, mai rugar. A watan nan maruƙansa biyu sun mutu, ga kuma baƙo daga birni a kan kashin shanunsa da allura yana motsa baki. Bai ɗaga murya ba.

"Malam," in ji shi, "me shanuna suka yi maka?"

Na yi masa bayani iya iyawata. Ya ce shi an haife shi a cikin shanu, bai taɓa jin tsuntsu ya yi sheƙa a kandilo ba. Na ga sandar ba ta sauka daga kafaɗarsa ba, sai na roƙe shi aron buta. Na miƙe tsaye na ɗaga butar sama da kaina ina sakin ruwa ɗigo-ɗigo, ina addu'a littafin Dakta ya yi gaskiya. Ɗigo ya fi goma yana faɗawa gefe. Sai ɗaya ya sami tsakiyar kofi, wani baƙin abu ya yi tsalle ya manne a ganyen ciyawa kusa da ƙafar Ardo, yana lilo a jikin ɗan siririn zare. Ardo ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Sai ya jingine sandar ya karɓi butar, ya shiga ɗiga ruwan da kansa. Bai ba ni ita ba sai da ruwan ya ƙare.

Abin da ya dame shi ɗaya ne, ko abin na cutar da dabba. Na gaya masa yadda Dakta ta bayyana mini: ƙwan na mannewa a ciyawa, saniya ta ci ciyawar, ƙwan ya bi ta cikinta ya fito lafiya, ya tsiro a sabon wuri, ita kuma ba abin da ya same ta. Ya ce ashe shanunsa ne ke shuka shi. Aka kawo mini ƙwaryar kindirmo. Daga ranar, duk inda ya tayar da ruga sai ya aiko a gaya mini inda ya bari.

To ku buɗe kunne, don wannan ne za a tambaye ku. Sheƙar tsuntsu ba iri ɗaya ba ce, kuma abu na farko da za ka duba shi ne a kan me take zaune. Ta kan kandilo bayanta na da gashi-gashi ruwan ƙasa, cikinta sumul ne, launin dalma, ƙwanta baƙi ƙirin mai sheƙi, girman ƙwayar gero amma a baje. Ta kan ruɓaɓɓen itace ko tarin garin katako, in ka sa gilashi za ka ga cikin kofin na da layi-layi daga baki zuwa gindi, kamar an ja da tsinke. Wadda ba ta nuna ba ba za ka ga ƙwai ba, don bakinta a rufe yake da wata farar fata kamar ta kalangu, sai ta yage da kanta. Kada ka huda. Wadda kuma ruwa ya riga ya kwashe wa ƙwai, kofi ne kawai wayam, nan ne sababbi ke ruɗewa, don akwai wasu masu kamar kofi da ba su taɓa yin ƙwai ba. In ka yi shakka, duba ciyawar da ke kewaye, taku ɗaya ko biyu, za ka ga baƙaƙen ɗigo a manne. In kuma akwai ƙwai, sa bakin allura ka ɗaga ɗaya a hankali, za ka ji wani abu na riƙe da shi daga ƙasa. Zaren ke nan. Lokacin nemanta kuwa bayan an yi kwana biyu ko uku ana ruwa ne, da safe, a inda rana ba ta duka kai tsaye.

Masu zuwa wurina ba malamai da ɗalibai kaɗai ba ne. Masu maganin gargajiya na zuwa neman tumukun suri, wani dangin naman kaza da suke haɗa magani da shi. Mata na zuwa da abu a bakin zane su tambaya ko na miya ne, in ban tabbata ba in ce su zubar, gara miya ta yi lami da a kwana a asibiti. Wani mai kiwon kaji ya taɓa jin labarin ƙwan nan, ya zo har gida wai in tara masa mudu guda ya zuba a abincin kajinsa, ko sa ƙara ƙwai. Na ce masa ko zan yi damina goma ba zan cika masa murfin kwalba ba, kuma kaza ba ta koyon ƙwai daga abin da ta ci. Ya tafi yana cewa ɓoye sirri nake yi.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ba ta daɗe sosai ba. Ruwa ya makara, ya zo ya yi 'yan makonni, sai ya ɗauke daidai lokacin da ake jiran marka. Gero ya tsaya iya gwiwa ya naɗe ganye. Bayan Gabukka da na saba zuwa an riga an yanka filaye an zuba bulo. Ardo ya tsufa, 'ya'yansa suka kora shanun kudu neman ciyawa. Mama Saraya ta daina fita daji, a kasuwa ma faifanta babu komai sai busasshiyar kuka. Wata biyu ina fita ina dawowa da kwando wayam, har na fara jin ƙishin-ƙishin cewa za a mayar da ni sito, tun da mai zuwa daji ba ya kawo komai.

A shekarar akwai wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe, Rukayya, wadda binciken kammala karatunta kacokan a kan sheƙar tsuntsu yake. Tun shekarar da ta gabata aka amince mata, lokacin canjawa ya wuce. Dakta Hannatu, wadda a lokacin ta zama Farfesa, ita ke duba ta. Mahaifin yarinyar, Alhaji Umaru, babban ma'aikaci ne a sakatariya, mutum mai tsabta da ba ka ganin ɗigo a rigarsa. Dama likita ya so ta zama. Ya gaya mata in har ta maimaita shekara a kan kashin shanu, to karatun ya ƙare ke nan, ta dawo ta zauna a shagon mahaifiyarta. Ni da ita mun zaga Kwadon da kewayenta har ƙafarmu ta san kowane kwazazzabo. Kandilo ko'ina, amma a bushe ƙamas kamar faifai.

Wata safiya ta same ni a ɗakin ajiya. A cikin kabad ɗin can akwai kwalayen ashana da na tara shekara da shekaru, kowanne da 'yar takardarsa. Ta tsaya tana wasa da bakin mayafinta, ta ce wani ya ba ta shawara a ɗauki 'yan kaɗan daga ciki a sake musu takarda, a sa kwanan watan bana, ba wanda zai sani. Ba ta dubi fuskata ba da take faɗa.

Na ce, "Rukayya, duk takardar da ke cikin kabad ɗin nan hannuna ne ya rubuta ta. Ranar da na canja ɗaya, sauran duka sun zama ƙarya."

Ta ce ta sani, dama so take ta ji daga bakina. Amma wata dabarar ba mu da ita.

Dabarar ta zo ne bayan kwana biyu, ina zaune a tsohon makwancin shanun Ardo ina juya wani busasshen kandilo a hannu. Na ce a raina, shanun nan sun ci ciyawar bara, ciyawar bara kuwa na ɗauke da ƙwai. Ashe irin na nan ciki, ruwa kawai ya rasa. Na kai wa Farfesa maganar ina jin kunya, kada ta ce tsufa ya fara taɓa ni. Ta ce ai ana yin haka, yana cikin littattafai, sai dai yana cin lokaci kuma ba kullum yake yi ba. Sharaɗinta ɗaya ne, Rukayya ta rubuta a fili cewa a daro aka raine shi, ba a daji aka tsinto ba.

Buhu biyu muka cika, kowane kandilo a naɗe da takardar inda aka ɗauko shi. Direban motar da muka tsayar a Kwadon ya tambayi abin da ke cikin buhun, na ce kayan bincike ne. Ya shinshina ya ce binciken nan a saman mota zai zauna. Muka aro daro goma sha biyu, muka jera su a bayan ɗakin gwaji a inuwar mangwaro, muka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara. Safe da yamma Rukayya ke yayyafa ruwa da hannu, kada ya bushe, kada kuma ya kwanta. Makon farko fumfuna ce ta fito. Na biyu wasu siraran laimomi da ke tsirowa da safe su narke kafin azahar. Sai ƙudaje. Masu shara suka kai ƙara, malaman da tagarsu ke wajen suka daina buɗewa, ɗalibai suka naɗa ni Sarkin Kandilo, har da masu durƙusawa su kai gaisuwa in na wuce. Ina amsawa, sarauta ai ba a ƙin ta.

Mako shida ba abin da muke nema. Saura 'yan makonni a miƙa aiki, Rukayya ta rame, ta daina tambayata ko zai fito. A mako na bakwai, ranar Talata, ta ɗaga buhun daro na tara sai na ga ta zauna daɓas a ƙasa. Na zo na leƙa. Wasu 'yan ƙulle-ƙulle ne ruwan ƙasa masu gashi, kamar kan ashana. Na ce kada ta taɓa, kada kuma ta gaya wa kowa tukuna. Kwana biyar muka jira kafin farar fatar ta farko ta yage. Baƙaƙen ƙwai na kwance a ciki suna sheƙi. Kafin mako ya zagayo daro huɗu sun kama.

A cikin kwanakin nan ne Alhaji Umaru ya zo. Wani ya kai masa labari cewa 'yarsa na shayar da kashin shanu safe da yamma a bainar jama'a, ya zo ya tafi da ita. Farar babbar riga, hankici a hanci. Ya gaishe ni da mutunci, sannan ya ce, "Malam Sale, ni karatu na kawo 'yata, ba kiwo ba."

Ban yi gardama da shi ba. Na cire gilashin daga wuyana na miƙa masa, na ce ya duba sau ɗaya kafin su tafi. Ya tattare rigar ya saɓa a kafaɗa, ya tsugunna. Na zaci zai leƙa ya miƙe. Hankicin ya sauka daga hancinsa bai sani ba. Can ya nuna wani da bai buɗe ba ya tambayi me ya sa wannan ya bambanta. Na buɗe baki zan amsa sai Rukayya ta riga ni. Ta tsugunna kusa da shi ta ɗauko tun daga ciyawa, zuwa cikin saniya, zuwa ɗigon ruwa, ta sa allura ta nuna masa zaren. Yana tambaya tana amsawa, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na koma gefe na ba su wuri. Da zai tafi shi kaɗai ya tafi, ya ce dai a sanar da shi in wancan rufaffen ya buɗe. Bai jira a sanar da shi ba. Washegari kafin ya wuce ofis sai ga motarsa, haka jibi.

Rukayya ta miƙa aikinta a kan lokaci, ta rubuta gaskiyar yadda aka yi. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a don ya jarraba su ya fi daɗewa a kanta fiye da kowa, ya roƙi kwalin ashana biyu ya tafi da su. Maganar mayar da ni sito ban ƙara jin ta ba.

Ranar da za mu zubar da darukan, masu shara har da yi mini godiya, sai ga Alhaji Umaru. Ya ja ni gefe ya tambaya a hankali ko za a iya ba shi ɗaya. Na zaɓa masa na tara, wanda ya fi cika. Da kansa ya shimfiɗa jarida a but ɗin motarsa, da kansa ya ɗora, ya gargaɗi direba ya bi a hankali wajen ramuka.

Bayan kamar mako biyu direban ya zo mini da kula cike da tuwon shinkafa da miyar taushe, da saƙo daga Hajiya, mahaifiyar Rukayya. Ta ce a gode mini ƙwarai a kan 'yarta, Allah ya saka da alheri. Sannan ta ce daron nan yana gindin gwaibarta, taku biyar daga ƙofar kicin. Alhaji da kansa ke ba shi ruwa kafin ya fita, ya hana a yi shara a wurin, kuma duk baƙon da ya zo gidan, komai girmansa, sai an kai shi ya tsugunna. Tana son in gaya mata tsakani da Allah, abin nan kwana nawa yake yi kafin ya mutu.

Na ce wa direban gaskiya, in dai ana ba shi ruwa ana kuma ƙara masa sabon kandilo, zai iya kaiwa wata daminar.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ajiye kular a gabana ya ce, "Bappa, ci tuwonka. Wannan amsar kuwa kai za ka kai mata da bakinka."